A Bar Wasan Daji

Kano, 6 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga ɗana Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, in na daɗe a tsaye sai ta kumbura. Ranar Juma'a na je Gwammaja na gaida mahaifiyarka, ta ce in ja maka kunne kan cin taliyar leda. Ni da ita 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma ta girme ni, don haka na isar.

Hajiya Ladidi za ta shigo sarin kaya a kasuwar Canaan ta Guangzhou, ita za ta miƙa maka takardar nan. Ka san ni, magana mai nauyi ba na aika ta da murya a waya.

Filin wasan harbin fenti da na buɗe a hanyar Zariya bayan na ajiye kaki ya shiga shekara ta uku. Yanzu mu biyar ne masu irin wannan fili, biyu a Kano, biyu a Kaduna, ɗaya a Jos. Mun haɗa ƙungiya, suka ɗora mini shugabanci saboda furfura. Muna so mu yi gasarmu ta farko bayan babbar Sallah, amma zama biyu ke nan ba mu daidaita kan yadda za a buga ba.

Ghali na Kaduna da mutanensa suna son wasan daji yadda muka saba: goma-goma, cikin itatuwa, awa guda, wanda ya ɗauko tutar abokan karawa ya ci. Wasu kuma suna son irin wanda suke gani a waya: ƙaramin fili a share, an kewaye shi da raga, ga katangun roba da ake hura wa iska, biyar-biyar, minti kaɗan an gama. Abin da muka zaɓa bana a kansa za a ɗora, domin shi masu tasowa za su koya.

Kai kana buga duka biyun a can, kuma kai za ka nemo mana kaya. Kowa ya yarda a ji ta bakinka. Zama na gaba ranar biyu ga wata mai kamawa ne.

Kawunka,
Dogara

Guangzhou, 19 ga Oktoba, 2024

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ina lafiya. Ka ce wa Umma akwai wata 'yar Agadas a unguwar Dengfeng da take tuwon shinkafa, can nake ci yanzu.

Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yinsa a ofishinmu da ke ginin Tianxiu. Lokacin baje koli ne, baƙi sun cika gari, kuma Hajiya tana ƙasa da jakunkunanta tana jiran motar filin jirgi.

Duka biyun muna yi a wani fili da ke bayan gari, tafiyar awa ɗaya a bas. Ƙaramin filin yana da abubuwan da ba za a raina ba. 'Yan kallo suna zaune bayan raga suna ganin komai, alƙali yana ganin wanda fenti ya fashe a jikinsa, ba mai goge shi a ɓoye ya ci gaba da wasa. Ana ɗaukar hoto a waya ya fito tsaf. Katangun kuma in an sace iskar, bayan a-kori-kura ɗaya ya ishe su. A daji kuwa ɗan kallo ba ya ganin komai sai ganye, rigima da alƙali ba ta ƙarewa. Na tambayi lawban ɗin wata masana'anta, wato mai gidan, ya ce zai iya ɗinka katangun cikin sati uku.

Ni dai in ta ni ce, a bar wasan daji. Dalilaina suna da yawa, zan kawo su a wasiƙa ta gaba, ga Hajiya tana kira.

Ɗanka,
Izzuddeen

Kano, 10 ga Nuwamba, 2024

Ɗana Izzuddeen,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Mahaifiyarka ta ji daɗin labarin tuwon.

An yi zama a Kaduna. Aka fara kamar kullum, kowa yana maimaita abin da ya faɗa a baya. Ghali ya ce ƙaramin fili wasan guje-guje ne kawai, ba dabara a cikinsa. Na Jos ya ce to wa zai hau mota daga Jos ya zo kallon bishiya? Da na ga za a sake watsewa haka, sai na ciro takardarka na karanta musu daga farko har inda ka ce a bar wasan daji.

Ghali ya ce, “Izzuddeen ne ya faɗi haka? Shi da yake turo mini hotunansa a cikin gora?”

Na ce ga rubutunsa. Ya karɓa ya duba, ya miƙo mini. Aka ɗaga hannu, uku da biyu. Abokin aikina na Kano, wanda da yake tsaka-tsaki, ya ce tunda wanda ya ga duka biyun ya ce a daina, shi ma ya bi.

Don haka ka ba da odar katangu na fili biyu, da raga, da abin rufe fuska guda sittin. Ka matsa musu su gama kafin su rufe don sabuwar shekararsu. Allah ya yi maka albarka, ka sauke mini nauyi.

Kawunka,
Dogara

Guangzhou, 24 ga Nuwamba, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata gida lafiya. Ni lafiyata ƙalau, amma wasiƙarka ta tayar mini da hankali.

Kawu, ba haka nake nufi ba. Da na ce a bar wasan daji, nufina a bar shi yadda yake, kada a taɓa shi. Na kawo amfanin ƙaramin fili ne don in yi masa adalci kafin in faɗi nawa. Laifina ne da na yi rubutu cikin gaggawa, amma yanzu an yanke hukunci da sunana a kan abin da ban yarda da shi ba. Ghali ya turo mini saƙo, layi ɗaya: “Sannu Bature.” Sai da takardarka ta iso na gane abin da yake nufi.

Ga dalilan da ban samu rubutawa ba. A ƙungiyarmu akwai wani Basine, muna ce masa Tsoho Chen, shekararsa hamsin da takwas, direban bas ne da ya yi ritaya. Akwai Abdulgafar mutumin Damagaram, mai shagon waya, wanda in ya hau bene hawa biyu sai ya zauna. A daji su biyun nan su ne abin tsoro. Chen yana iya kwanciya a gindin gora minti ashirin bai motsa ba, ya yi harbi uku ya fitar da mutum uku.

A watan Satumba muka shiga gasar ƙaramin fili. Aka busa, na ruga zuwa katangar farko, kafin in durƙusa na ji fenti a kafaɗa. Abdulgafar bai ma kai tasa katangar ba. Bindigogin abokan karawarmu masu batir ne, suna fitar da ƙwallo goma kafin ka ƙifta ido, kowane ɗan wasa da gwangwanayen fenti shida a ƙugu. Abin da suka zubar a zagaye ɗaya mu yana kai mu wata. A bas Chen ya ce mini, “Wannan ba ni ake nema ba.” Bai sake zuwa ranar ƙaramin fili ba.

In muka ɗora gasarmu a kan wannan, wasan zai koma na matasa masu gudu waɗanda iyayensu ke iya sayen fenti katan-katan. Malamin makaranta da ɗan kasuwa mai tumbi da suke zuwa filinka ranar Asabar za su zama 'yan kallo.

Na je na ce wa lawban ya dakata da ɗinki. Ina roƙonka ka karanta wa ƙungiya wannan takarda kamar yadda ka karanta waccan. In sun sake zaɓar ƙaramin fili bayan sun ji, zan aiko da kayan da hannuna.

Ɗanka,
Izzuddeen

Guangzhou, 12 ga Janairu, 2025

Kawu,

Ina gaisuwa. An shiga sanyi a nan, ɗan mura ya kama ni amma ya sake ni.

Sati bakwai ke nan ban ga amsarka ba. Na tabbata takardar ta isa, domin wanda na ba ya ce a hannunka ya sa ta. Sau uku na kira, kowane lokaci ka ce kana kan hanya, za ka rubuto. Jiya Umma ta ce mini an gan ka a asibitin ƙashi har sau biyu, kuma da ta tambaye ka sai ka ce ba komai.

In gwiwar ce ta kai ga aiki, ka gaya mini, akwai abin ɗaurewa mai kyau a nan. In kuma maganata ce ta yi kaushi, ka yafe mini. Na sake karanta kwafin da na ajiye, na ga kamar ina ba ka umarni, ba haka tarbiyyata take ba.

Masana'antu za su rufe nan da kwana goma. Na koma wurin lawban in tambayi ko da sauran wuri a layinsa, ya kaɗa hannu ya ce meyo, babu, sai bayan biki. Kayan ba su dame ni ba. Shirunka ne ya dame ni.

Ɗanka,
Izzuddeen

Kano, 2 ga Fabrairu, 2025

Ɗana Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, gwiwa ba ta ƙaru ba. Ba ka yi mini laifin komai ba. Ni ne na yi maka, kuma shi ya sa alƙalami ya yi mini nauyi.

Tun ranar da na buɗe wasiƙarka ta farko na san maganar tana da fuska biyu. Na san kuma wace fuska kake nufi, na san ka. Na zaɓi wadda nake so na karanta musu da muryar da za ta ba da ita.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. A watan Agusta, wata Asabar da hantsi, ana wasa a filina. Ciyawa ta yi tsawo, kuma ta gefen yamma ba ni da shinge sai igiya da tsummoki. Akwai wata dattijuwa mai suna Fasuma, tana zaune wurin ƙanenta Alhasan a ƙauyen da ke bayanmu. Daga yamma ta zo shekara biyu da suka wuce, bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu. Ba ta san abin da muke yi ba, ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta fito tsinkar tafasa kusa da igiyar, sai ga mutum goma sun ɓullo daga itatuwa da korayen kaya, fuska a rufe da baƙi, bindiga a hannu.

Ta yar da ƙwaryar ta ruga tana salati. Ta faɗa kwazazzabo, ƙugunta ya karye.

Kafin mu kai gare ta mutanen ƙauye sun fito da sanduna da adduna, ɗaya da bindigar toka. Na daka wa 'yan wasa tsawa su cire abin fuska su zauna a ƙasa, na shiga tsakani da hannuwana a sama. Alhasan ya gane ni, shi ya tsayar da su. Da ya makara da minti ɗaya, da wani labarin nake rubuta maka.

Shekara ashirin da biyu na yi da kaki. Na san irin gudun da mutane suke yi in masu bindiga sun fito daga daji. Ban taɓa zaton zan gan shi a filina ba.

Na roƙi 'yan wasan su yi shiru, don ina tsoron a rufe filin. Mai ɗori ya yi nasa, ƙashin bai kama ba. A Disamba aka yi mata aiki, ni nake kai ta ina ɗauko ta. Wurinta ake ganina a asibiti.

Ranar ashirin da biyar ga Janairu aka yi zama. Na karanta musu wasiƙarka ta biyu duka, har da Tsoho Chen. Sannan na gaya musu na san nufinka tun farko, na kuma ba su labarin Fasuma. Sai Ghali ya ce, “Saje, da wannan ka kawo mana tun farko, ai da ba ka buƙaci takardar kowa ba. Nawa filin ma gonaki ne kewaye da shi.”

Na ajiye shugabanci, suka ba Ghali. An soke ƙuri'ar baya. Ghali ya ce ka sake rubutowa, amma da maganar da ba ta da fuska biyu. Ni kuma ina neman afuwarka.

Kawunka,
Dogara

Guangzhou, 23 ga Fabrairu, 2025

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na gode wa Allah da kake lafiya. Allah ya ba Inna Fasuma sauƙi, ka gaishe ta ko da ba ta san ni ba.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafi. Kwana uku takardarka tana aljihuna ina zuwa aiki da ita. Amma ya wuce, na yafe, kai ma ka yafe mini.

Na ba abokan wasana labarin. Abdulgafar ya ce a garin kakanninsa ma haka za a yi. Sai muka ce bari mu gwada wani abu. Na sayi riguna ruwan lemo irin na masu sharar titi guda ashirin, muka liƙa jan tef a kan bindigogi, muka shiga daji da su ranar Asabar.

Gaskiya wasan ya ragu. Ana hango mutum daga nesa. Chen ya kwanta a gindin gorarsa, minti huɗu aka fitar da shi, ya fito yana dariya yana cewa ya zama lemo a kan tire. Abin da ke ɗaukar awa guda ya ƙare a minti ashirin. Kuma da na tsaya daga bakin daji na dube su suna fitowa, na ga ko da rigar lemo, mutum goma da rufaffiyar fuska ba abin da mai tsinkar ganye za ta tsaya ta tantance ba ne.

Ga maganata ga ƙungiya. Gasar bana a yi ta a ƙaramin fili. Amma a hana bindiga mai batir, kowa ya riƙe wadda sai ka ja take fitar da ɗaya. Kuma kowane ɗan wasa ƙwallo ɗari kacal a zagaye, in sun ƙare sun ƙare. Mun gwada haka ma, Abdulgafar ya kai ƙarshen zagaye biyu, har ya fitar da mutum ɗaya. Wasan daji kuma kada a kashe shi, ina sonsa har gobe, amma kada a buga shi sai inda aka yi shinge na gaske.

Ko hakan ya isa, ban sani ba. Ni ina zaune inda in an ga mutum da bindiga a cikin gora kowa ya san wasa ne. Ba ni ya kamata a tambaya ba. Ku tambayi mutanen da ke bayan igiya.

Masana'anta ta buɗe. Ina jiran kalma ɗaya daga Ghali.

Ɗanka,
Izzuddeen

Kano, 15 ga Yuni, 2025

Ɗana Izzuddeen,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya, mahaifiyarka ta ajiye maka soyayyen nama, Hajiya Ladidi za ta taho da shi in an bar ta ta wuce da shi.

Kayan sun iso a kan lokaci, katanga ɗaya ce kawai take sace iska, mun liƙe ta. An yi gasa jiya da shekaranjiya a filin Ghali. Ƙungiya ta karɓi shawararka, sai dai an mai da ƙwallayen ɗari da hamsin bayan doguwar gardama. 'Yan Jos suka ci. A cikinsu akwai wani mai gyaran rediyo da ya kusa hamsin, ka gaya wa Chen. Ghali ya miƙa kofi yana cewa har yanzu guje-guje ne, kuma baɗi zai sake tayar da maganar daji. Na Jos ya ce yana jiransa.

Tun a Maris muka je ƙauyen ni da Ghali, kamar yadda ka ce. Na riga na ja shingen waya ta gefen yamma. Muka sami Fasuma a zaune a ƙofar ɗaki, sandarta a jingine. Ghali ya yi ta bayani, shinge, riguna masu haske, allo da za a kafa a bakin hanya. Ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, “Ni ban iya karatun allo ba, ɗan nan. Launin riga kuma, waɗanda suka shigo mana kowa da irin tasa.”

Ghali ya ce to me take so a yi.

Ta ce, “Ku riƙa yin sallama. Mutum ya zo da fuskarsa a buɗe ya ce gobe za mu yi abinmu, ƙarfe kaza. Shi ke nan.”

Ghali ya sa an rubuta shi a dokokin ƙungiya, shi ne na farko a takardar. Ni kuma duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan bi ƙauyen gida-gida in faɗa, gidansu ne na ƙarshe.

Tana takawa da sanda yanzu, likita ya ce ɗingishin ba zai tafi ba. Har yau ba ta koma wajen filin ba, Alhasan ya ce ko hanyar ba ta bi. Juma'ar da ta wuce kafin Sallah na isa gidan gwiwata tana zafi. Kafin in buɗe baki ta ce, “Na sani, Saje, gobe ƙarfe goma. Zauna ka sha ruwa.”

Na zauna na sha.

Ka gaida Abdulgafar. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Kawunka,
Dogara